Inci Biyu da Rabi a Kugun Taya

Mijina bakanike ne, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ina wanke baƙin mai daga gwiwar wandunansa, saboda haka in na ɗauko zancensa kada wani ya ce mini ban san abin da nake faɗa ba. Mutanen layinmu Mai Kunne suke ce masa. Ba wai don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba ne, ko da yake, tsakani da Allah, ba ƙanana ba ne. Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. Wasu kanikawan in ka kai musu mota sai sun kwance rabinta sun baje a ƙasa kafin su gane abin da ke damunta. Shi kuwa sai ya ce ka tayar da ita, ya ɗaga hannu ɗaya kowa ya yi tsit, ya karkatar da kai ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Famfon ruwa ne." A kwance, a tarar famfon ruwan ne. In ƙarar ta ɓuya masa, yana da wani dogon sukundireba mai ƙotar katako, ya dafa bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne. Ƙotar nan har sheƙi take yi don goga.

Ni ma ta kunnen nan ya same ni. Ina budurwa ina koyon ɗinki a shagon yayata, mu uku a jere kowace da kekenta, sai ga wani dogon saurayi duk ya yi dumu-dumu da mai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Sannunku da aiki. Keken nan na tsakiya yana neman mai, kuma bel ɗinsa ya saki." Na tsakiyan nawa ne. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Mun gode, amma ba mota ba ce." Washegari ya dawo da ɗan gwangwanin mai mai dogon baki, ya ɗiga a wuri uku, ya ɗame bel, keken ya koma tafiya sumul. Jibi ya sake dawowa, gata ma haka. A mako na biyu yayata ta ce masa, "Kai ɗan nan, keken ya gyaru tun ranar farko. In wani abu ne daban ke maka ƙara, ka je ka ga babanmu."

Gidanmu a jikin garejin yake. Ɗakin ɗinkina shi ne na gaba, tagarsa tana kallon filin da yake aiki, don haka ina ganin komai: ramin da yake shiga ƙarƙashin mota, allon da ya buga ƙusoshi ya rataye sifanu daga ƙarami zuwa babba, da bencin da masu mota ke zama suna ba shi shawarar da bai tambaya ba. Taku goma daga ƙofar garejin akwai rumfar mai facin taya, amininsa, wanda kullum sai sun yi faɗa sau biyu sun sha shayi tare sau uku. Sun raba mota a tsakaninsu tun da daɗewa. Maigida yakan ce, "Ni ƙarfe nake gyarawa. Roba ta masu hura iska ce." Ko kallon taya ba ya yi, wai ba ta da murya.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa wa kekena mai da hannuna ba. Ina cikin ɗinki sai in ji muryarsa daga ƙarƙashin wata mota: "Uwar yara, keken nan!" Ba a jima ba sai ga shi da gwangwanin nan mai dogon baki, yana mita wai ina kashe ƙarfe da ƙishirwa. Ni kuma in ce ya cire takalmi kafin ya taka mini yadin mutane. Haka muka yi ta yi har muka aurar da yara uku.

To, bara ne keken ya fara wani ɗan siririn kuka, ƙii-ƙii, ban ji an kira ni ba. Na ce ko aiki ya yi masa yawa. Mako ya wuce, biyu suka wuce. Sai na fara lura da wasu abubuwan. Rediyonsa ya koma yi wa layi duka labarai. Duk abin da aka faɗa masa daga baya, amsarsa "To." Wata rana na tsaya a bayansa yana wanke hannu na ce, "Baban yara, gobe zan sayar da garejin nan in sayi jirgin sama." Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na yi dariya har na dafa bango, na shiga ɗaki kuma na rasa abin da ke mini daɗi. Tun daga ranar na ƙudurta ba zan sa wa keken mai ba. Na san cutarsa nake yi, amma so nake ranar da aka ji kukan nan ya zama shi ne ya ji.

'Yarmu ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta da haƙurina. Ta lallaɓa shi asibiti da sunan za a auna jininsa, suka dawo da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne, ba ta kai ƙwayar wake biyu ba. Ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Mai Kunne da batir a kunne? Ku bari sai na mutu." Na karɓe ta kafin ya jefa ta cikin durom ɗin baƙin mai, na ajiye a gwangwanin maɓallaina.

Ana haka motar Likita ta shigo rayuwarmu. Likitar dabbobi ce, mace mai kazar-kazar, ita ke tuƙa kanta zuwa wurin makiyaya, kuma shekara tara maigida ke kula da motarta. Babbar mota ce irin mai jan taya huɗu. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke turawa. In an shiga yashi ko taɓo, akwai wata gajeriyar liba kusa da ta giya, a ja ta, sai tayoyin gaba su ma su kama aiki. Abin da ke yin wannan rabon wani ɗan akwatin ƙarfe ne a bayan giyabos, kanikawa na ce masa taransfa. Maigida ya sha bayyana mini shi ko ban tambaya ba: ƙarfi ya shigo ta baki ɗaya, ya fita ta biyu, ɗaya zuwa baya, ɗaya ta sarƙa zuwa gaba, kuma da zarar an ja libar dole gaba da baya su juya daidai wa daida, babu mai rigan wani.

Likita ta ce in ta ja libar a hanyar da ta bushe, motar sai ta kama gurnani tana fizga, can a ji kwas daga ƙasa. Kuma in ta fito kwalta ta so mayar da libar, sai ta ƙi fita ko da hannu biyu, sai ta yi ribas mai nisa tukuna. Maigida ya shiga suka zaga tare. Ina kallonsu ta taga da suka dawo, yana gyaɗa kai irin na wanda ya ji komai. Ya shiga rami, ya kwance toshiyar ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin yana ƙauri. Ya murza shi a yatsa, ya duba ko akwai garin ƙarfe, ya zuba sabo, ya shafa giris a mahaɗan libar. Ya ce, "'Yata, ƙishirwa ce. Je ki."

Kwana goma ta dawo. Wannan karon ya sauke akwatin gaba ɗaya, ya ɗora a kan tebur ya buɗe. Kwana biyu yana kai. Ya duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowane boris a hannu, ya gwada cokalin da ke tura giyar. Sarƙar ce ya tarar ta miƙe, har ana iya ɗaga ta da yatsa. Murna ta kama shi kamar an yi masa haihuwa. Ya sa sabuwa, ya rufe, ya mayar. Da zai miƙa wa Likita makulli, bencin nan cike da mutane, mai faci na tsaye da kofin shayi, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "In motar nan ta dawo da ƙarar nan, na rufe garejin nan, in koma gida in riƙa sa wa uwar yara zare a allura."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na san mutumina. Sau ɗaya ya taɓa cewa ya bar sukari, a cikin fushi, yau shekara sha huɗu shayinsa ɗaci.

Mako biyu cif, da hantsi, sai ga motar ta shigo. Likita ta fito tana dariya tana kaɗe riga. Ta ce, "Baba, ta sake fa. Jiya sai da na yi ribas tun daga bakin rafi har gindin babbar bishiya, makiyaya suka bi ni da kallo, wani tsoho yana tambaya ko mantuwa na yi." Ba ta ta da zancen rufe gareji ba, mai faci ma ya sunkuyar da kai yana ta dukan wata taya da ba ta yi masa komai ba. Ta bar makulli ta ce za ta dawo da yamma.

Na kai masa abincin rana, ya dawo mini da kwanon yadda yake. Ya shigo ɗakin ɗinki, bai cire takalmi ba, ni kuma ban ce ya cire ba. Ya zauna a kan tarin yadi. Sannan ya ce, "Uwar yara, ƙarar nan da take faɗa, ban taɓa jin ta ba. Ko sau ɗaya. In ta ce 'ka ji ko?' sai in gyaɗa kai. Man nan da sarƙar nan, ido ne ya gani, na yi ta fatan su ne."

Ya kamata a ce tausayi ne ya fara zuwa mini. Ba shi ya zo ba. Na miƙe na zazzage masa duk abin da na tara na wata biyar, da jirgin sama da rediyo da komai, kuma da yake dole in ɗaga murya kafin ya ji, ina jin rabin layi sun amfana. Ya bar ni na gama. Da na gama na ga yadda kafaɗunsa suka sauka, sai tsoro ya kama ni sosai, domin na san in mutumin nan ya rufe ƙofar can, zama zai yi a kujera ya tsufa a wata shida.

Na ɗauki mayafi na ce, "Tashi. Yau ni ce kunnenka."

"Ke me kika sani a mota?"

"Abin da ka sani a keke ranar da ka zo ka dame mu. Tashi mu je."

Ya tuƙa muka bar kwalta muka hau wata hanyar ƙasa da ta bushe ta yi tauri kamar siminti. Ya tsaya ya ja gajeriyar libar, muka ci gaba a hankali. Da farko shiru. Sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin ƙafafuna, yana ƙaruwa, motar tana nauyi kamar an riƙe ta ta baya, can sai kwas! Ta ɗan zabura ta saki. Na damƙe ƙofa na yi salati.

"Kin ji?" in ji shi. "Yaya take? Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ce, ko shuu ce irin ta boris?"

Na kai baki kusa da kunnensa na ce, "Ba ko ɗaya ba! Taruwa take yi. Ta taru, ta taru, ta yi kwas, ta saki, ta sake sabon taro!"

"A kwana kaɗai, ko har a miƙe?"

"Yanzu a kwana muke? Ba a miƙe muke ba?"

Muka shiga wani wuri mai yashi, ƙarar ta ɗauke ɗif. Na gaya masa. Muka fito kan tauri, ta dawo. Na gaya masa. Ya yi ta cizon leɓe yana cewa sarƙa sabuwa ce, haƙora lafiya, to me ya rage a cikin akwatin? Ni kuma haushi ya ishe ni, ga zafi, ga ɗinkin mutane na bari. Na ce, "Ni dai na san irin wannan a wurina. In na haɗa ƙyalle biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, haka keke ke yi mini. Ya yi ta tattaro na saman yana cukuikuyewa, sai allura ta yi tsalle. In ka kwance keken nan sau goma ba za ka ga komai ba, don ba shi ne da laifi ba. Yankan ne bai zo ɗaya ba."

Ya taka birki har na kusa gaisawa da gilashi. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake, da ƙarfi. Ya kashe mota ya fita, na bi shi. A karo na farko tun da na san shi na ga Mai Kunne ya durƙusa a gaban taya. Ya goge ƙurar gefenta da hannun riga ya karanta lambar, ya zaga ya karanta sauran ukun. Ya ɗago ya ce, "Lamba ɗaya ce duka huɗun."

Nan fa dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Lamba! Ka san mata nawa ke shigo mini su ce, 'Awona yana nan yadda yake bara'? In ce to, Hajiya, ɗaga hannu dai mu gani. Ban taɓa yanka yadi a kan abin da aka gaya mini ba." Tef ɗin awona yana wuyana, don ko kasuwa da shi nake zuwa ban sani ba, allin ɗinki kuma yana ƙulle a bakin zanina.

Ya karɓi allin. Sai da ya yi ribas kafin libar ta yarda ta fita, sannan ya miƙar da sitiyari. Ya ja layi a gefen tayar gaba daidai inda ta taɓa ƙasa, ya ja a ta baya, ya kuma yi wa ƙasar alama a wuraren biyu. Ya ce in bi gefen motar in ƙirga juyin tayar gaba, in ta yi goma in buga ƙofa. Haka na bi mota a ƙasa, mace mai jikoki huɗu, ina ƙirga da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. A na goma na buga. Ya fito. Layin tayar gaba yana ƙasa daidai inda ya fara. Na baya kuwa ya wuce ƙasa ya haura gefe, kusan kwatan zagaye.

Muka koma muka auna juyi ɗaya-ɗaya a ƙasa. Tef ɗina inci sittin ne, sai da muka yi biyu, shi yana riƙe da kai, ni ina karantawa, don ba na yarda wani ya karanta mini tef. Ta gaba casa'in da bakwai da rabi. Ta baya casa'in da biyar. Inci biyu da rabi a kugu, wanda a wurina ya isa a mayar da riga.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar, ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce, "Dubi na gaba, sababbi fil, haƙoransu ko ɗaya bai ci ba. Dubi na baya, sun kusa zama sanƙo, kuma ba ma kamfani ɗaya ba ne. Duk juyi ɗaya, gaba na neman tafiya ta bar baya, akwatin kuma ya ɗaure su tare. A yashi taya na samun zamewa ta huce. A kan tauri babu inda za ta zame, sai duk ya taru a kan sarƙa. Shi ya miƙar da tsohuwar, shi ya ƙona man, shi yake danne libar. Wata ɗaya ina yi wa marar laifi tiyata!" Na tambaye shi wa ya sa mata sababbin. Ya daina dariya, muka kalli juna. Mutum ɗaya ne ke taɓa tayoyin Likita, kuma taku goma ne tsakaninsa da ramin garejinmu.

Mai faci bai musa ba. Ya ce wata biyu da suka wuce na gaban suka tsage, ya sa mata sababbi, ya ce na bayan suna da sauran rai, a bar su. Ya dafa ƙirji ya ce, "Amma lamba ɗaya ce, wallahi!" Na miƙa masa tef na ce, "Ɗaga hannu dai mu gani." Ya auna da kansa, ya sake aunawa, ya cire hula ya sosa kai. Kafin Likita ta iso da yamma ya nemo biyu irin na gaban sak, ta amince aka sa. Muka fita gwaji mu huɗu, ni a gaba don yanzu ina da muƙami. A kan hanyar nan mai tauri motar ta tafi sumul, ba gurnani ba kwas. Da muka zo bakin kwalta Likita ta tura libar da yatsa biyu ta koma wurinta. Ta yi guɗa, mai faci ya ce shi dama tun farko jikinsa ya ba shi.

Da muka dawo na ɗauka an gama. Sai na ga maigida ya shiga ciki ya fito da babban kwaɗon gareji a hannu, tun rana ba ta faɗi ba. Ya tsaya a gaban benci, akwai mutum uku a zaune, ya ce, "'Yata, ki yafe mini. Duk sanda na shiga motarki gyaɗa kai kawai nake yi, ban ji komai ba. Kunnen ya tafi. Kuma na yi magana a gaban mutanen nan."

Likita ta matso daf da shi ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ai na sani tun zuwan farko. Sau uku na gaishe ka daga baya kana amsa wa bango. Ka ga na kai motar wani wuri? Ni marasa lafiyana ba wanda ya taɓa gaya mini inda ke masa ciwo. Taɓawa nake yi, in duba, in auna. Yau abin da ka yi ke nan, kuma motar ta warke."

Mai faci ya ce, "Kuma rabin laifin nawa ne. In ka rufe ni ma in rufe, mu je mu zauna wa uwar yara, kai zare ni allura."

Na ce, "Wallahi ba a ɗakina ba."

Aka yi dariya, har shi ya ɗan murmusa, amma bai ajiye kwaɗon ba. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na koma ɗaki na zauna a kan keke, don akwai rigar da na yi alkawari. Ina takawa ina satar kallonsa ta taga. Ya daɗe tsaye a gaban allon sifanu. Can na ga ya zaro tef ɗina daga aljihunsa, ashe shi ya karɓe shi daga hannun mai faci bai mayar mini ba, ya rataye shi a ƙusar da ke kusa da dogon sukundireban nan. Na buɗe baki zan ce tef ɗin sana'ata ne, na fasa.

Ya shigo, wannan karon ya cire takalmi. Ya ajiye kwaɗon a kan teburin keken, ya dafa teburin da tafin hannu zai zauna, ni kuma ban daina takawa ba. Sai na ga ya tsaya a sunkuye. Ya matsar da hannun kusa da kan keken, ya bar shi a nan, ya karkatar da kai yadda ya saba.

Ya ce, "Keken nan a bushe yake. Ina jin sa a hannuna. Tun yaushe?"

Na ce, "Wata biyar."

"Yana kuka?"

"Kullum."

"Kuma ba ki sa masa mai ba?"

Na ce, "Ba aikina ba ne."

Ya ɗauke hannunsa daga kan keken. Sannan ya ce, "Ina abin nan da yarinyar nan ta kawo? Gobe da safe akwai mai kawo wata mota, wai tana ƙara a baya." Na jawo gwangwanin maɓallai na zazzage a cinya, na tsinto ta daga cikin baƙaƙen maɓallan riga. Ya kasa maƙala ta da manyan yatsun nan nasa, ni na sa masa. Ya ɗaga hannu ɗaya, duk da babu kowa a ɗakin sai mu biyu, ya lumshe ido.

Ya ce, "Taka in ji."

Na taka. Ƙii-ƙii, ƙii-ƙii. Ya yamutsa fuska kamar an tsikare shi da allura, ya ce, "Subhanallahi! Uwar yara, haka kike kashe ƙarfe da ƙishirwa?" Ya fita da sauri ɗauko gwangwaninsa mai dogon baki, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya bar mini kwaɗon a kan tebur. Na share idona da gefen mayafi, na ɗauki kwaɗon na danne yadin da nake yankawa da shi, don dama iska na ta ɗaga mini shi tun safe.